Ledar tamowa da alƙaluman da muke aikawa sama

A ƙarshen wannan wata zan miƙa makullan sito da rajistocin cibiyoyin tamowa ga wanda zai gaje ni, kuma tun da abokan aiki da dama sun yi ta tambayata dalilin da ya sa na ƙi sabunta yarjejeniyata, na ga ya fi dacewa in ba da amsa sau ɗaya a rubuce. Ba zan kama sunan ƙungiya ko na wani mutum ba. Waɗanda muka yi aiki tare a arewacin jihar Katsina cikin shekarar 2023 sun san inda maganar ta dosa.

Duk wanda ya yi wannan aiki a waccan shekara ya san cewa wahalhalu sun zo wa talaka ne a jere, babu tazarar da zai numfasa. Daga Janairu zuwa Maris canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwannin ƙauye, har manomin da ba shi da asusun banki ya riƙa karyar da hatsinsa ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na ɗan acaɓa suka yi tashin gwauron zabo, kuma hakan ya faɗo daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Kafin wannan duka, mutanen Jibiya da Batsari da Safana sun shafe shekaru ba sa iya noma gonakinsu na nesa saboda 'yan bindiga, wasu kuma sai sun biya kafin a bar su su girbe abin da suka shuka. Tsarin agajin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa a lokacin ya tsaya ne a Borno da Adamawa da Yobe, saboda haka ɗan abin da ke isowa arewa maso yamma bai taka kara ya karya ba, kuma kowane kwali na abincin tamowa ana ƙirga shi kamar zinariya.

Tun farkon damina na lura da wani abu a katunan yara. Yaron da awon dantsensa ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, wanda ya ci gwajin cin abinci a gabanmu ba tare da wata matsala ba, sai ya dawo mako bayan mako nauyinsa bai motsa ba. Babu zawo, babu zazzaɓi, babu tari. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalili, domin iyaye mata ba su ɓoye wa masu sa-kai ba: ledar abincin tamowa da muka bayar don yaro ɗaya tana shiga gidan da yara huɗu ko biyar suka kwana da yunwa. Leda ɗaya giram 92 ce, gyaɗa ce da madara da sukari da mai da sinadarai, tana ɗauke da ƙarfin abinci kalori 500, kuma muna faɗa wa uwa cewa magani ne, kada ta bai wa kowa. A gidan da aka ɗora tukunya da daddare, wannan magana tana da ma'ana. A gidan da tafasa da dusa ne abincin yini, umarni ne da babu uwar da za ta iya bi.

Shugaban shirinmu na lokacin ya kalli lamarin ta wata fuska dabam. Abin da ke gabansa shi ne ƙa'idar da kowa ya haddace, cewa waɗanda suka warke su haura kashi 75 cikin ɗari, waɗanda suka daina zuwa kada su kai kashi 15, waɗanda suka rasu kada su kai kashi 10. Da ya ga adadin waraka ya fara sauka, kuma ga masu ba da kuɗi suna jiran rahoton wata uku, sai ya kafa dokoki biyu da baki, bai taɓa sa musu hannu a takarda ba. Ta farko, duk uwar da ba ta dawo da ledojin da aka shanye cif-cif ba, ba za a ba ta na wannan mako ba. Ta biyu, yaron da ya yi 'yan makonni bai ƙara nauyi ba, a rubuta cewa an tura shi babban asibiti, a cire katinsa, ko da kuwa an san uwarsa ba ta da kuɗin motar zuwa ko'ina. Yaron da aka rubuta an tura shi wani wuri ba ya shiga lissafin waɗanda suka kasa warkewa, kuma idan ya rasu a gida ba ya shiga lissafin mamata. Da alƙalami kawai aka gyara adadin.

Ranar da dokar ledoji ta fara aiki a ɗaya daga cikin cibiyoyin da nake dubawa, wata dattijuwa ta zo da jikanta a goye, ta kwance bakin zaninta ta zube ledojin da ta tara a kan tebur, an wanke su tas an shanya, amma biyu babu. Ma'aikaciyar da ke rabo ta dube ni, ni ma na dube ta. Na ce, “Iya, ina sauran?” Ta ce, “Ɗan nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Na kai wa mai tireda ya ba ni garin masara, na dama wa 'yan'uwansa kunu. Uwarsu tana hannun mutanen daji, ni kaɗai ce a kansu.” Yaron bai yi kuka ba ko da aka ɗora shi a sikeli, gashin kansa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa kuma idan aka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya tsaya. Mai irin wannan kumburi doka ta ce a hana wa abinci saboda leda biyu. Na sa aka ba ta, na rubuta sunana a gefen rajista cewa da izinina aka yi, kuma na ci gaba da yin haka a duk inda na tarar da irinta.

Bayan haka na rubuta wa shugaban takarda. Na nuna masa cewa sayar da leda da raba ta tsakanin yara alama ce ta halin da gida yake ciki, kuma maganinta sananne ne a wannan aiki: a haɗa wa gidan da ke da mai tamowa ɗan tallafin hatsi ko na kuɗi, domin ledar ta tsira ta isa bakin wanda aka bayar dominsa. Na ce idan ba mu da kuɗin yin haka, to mu bar adadin ya sauka a gaban masu ba da kuɗi, domin saukarsa ita ce hujjar da za mu nemi ƙari da ita. Na tuna masa da abin da ya faru a Nijar a 2005, lokacin da Maraɗi da Damagaram, waɗanda su ne rumbun ƙasar, suka fi ko'ina yawan yara masu tamowa alhali hatsi na nan jibge a kasuwa, kuɗin saye ne babu, kuma aka daɗe ana gardama a kan ko yunwa ce ko ba yunwa ba ce, ba a fara rabon abinci kyauta gadan-gadan ba sai cikin watan Agusta. Na kuma ambaci Somaliya a 2011, inda kusan rabin mutum 260,000 da suka mutu sun riga sun mutu kafin a ayyana yunwar a hukumance cikin watan Yuli. Abin da nake so ya gani shi ne, a wannan aiki takardar da ta nuna komai lafiya ita ce ke jinkirta agaji.

Amsar da na samu ta zo ne a taron mako, a gaban ma'aikatan da ni na horar da su. Ya ɗaga takardata ya ce wasu sun mayar da kansu malaman tarihi alhali kwalaye na ɓacewa a ƙarƙashin kulawarsu. Na ce, “Yallaɓai, babu kwalin da ya ɓace, ga rajista, kowace leda da sunan yaron da ya karɓa.” Bai buɗe ta ba. Kwana kaɗan bayan haka aka ba ni takardar tuhuma a kan saɓa wa umarni da sakaci da kaya, aka ɗauke ni daga duba cibiyoyi aka mayar da ni sito, wai tun da na damu da ledoji in je in riƙa ƙirga su. Masu binciken kuɗi sun zo daga baya sun bi lissafina tun daga farko, ba su sami ko leda ɗaya da ta yi ɓatan dabo ba, amma har yau babu wanda ya janye waccan takarda daga fayil ɗina, babu kuma wanda ya ce mini yi haƙuri.

Daga ƙofar sito na kalli sauran daminar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar aka rufe iyaka, kasuwancin Jibiya da Mai'aduwa ya tsaya cik, matan da suka saba tsallakawa da yaransu zuwa Ɗan Isa da Madarunfa neman magani suka koma bin hanyoyin daji da tsada. Tsofaffin da ke da dangi a can suna ta tuna yunwar 1984, wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan Buhari saboda rufe iyakar da aka yi a waccan shekara. Gwamnatin Tarayya da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci cikin watan Yuli. A daidai wannan lokaci rahotonmu ya fita da adadin waraka mai ban sha'awa, aka yaba wa shugabanmu a taron manya. Masu sa-kai ne kawai, waɗanda ke bin gida-gida, suka san yara nawa daga cikin waɗanda aka ce an tura asibiti aka yi wa sutura a ƙauyukansu. Da shekara ta zagayo, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari, masu ba da kuɗi suka nemi a kawo sabon tsari, sai ga shawarar tallafa wa gidaje ta bayyana a takardar neman kuɗi, da jimlolin da na gane su sarai, da sunan wani a ƙasa. Na ji daɗi da aka amince da ita, kuma ba zan ce abin bai yi mini ciwo ba.

Sauran abubuwan da na koya ba su buƙatar dogon bayani. Duk umarnin da babba ya ƙi sa wa hannu, a nemi ya rubuta, idan ya ƙi a rubuta masa cewa an ji, a ajiye kwafi. Farashin tiyar gero a kasuwar mako, da ranar da magidanta suka fara barin gonakinsu suna tafiya ƙwadago a gonar wani, da ranar da aka fara fito da tumaki mata ana sayarwa, sun fi taswirar wuraren ƙarancin abinci da ke fitowa sau biyu a shekara saurin faɗin gaskiya. Kada a kafa ranar rabo a ranar kasuwa. A saurari ungozoma da matar mai unguwa kafin a saurari wanda ya zo daga birni da mota, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zazzaɓin cizon sauro da tamowa tare suke zuwa a watan marka, wanda ya yi tanadin ɗaya ya bar ɗaya bai yi tanadi ba.

Ga wanda zai karɓi makullai daga hannuna: dokar dawo da ledoji ba a taɓa soke ta ba, tun da dama ba a taɓa rubuta ta ba, kuma akwai cibiyoyin da har yanzu suke aiki da ita saboda tsoro. Layin “an tura asibiti” a rajista shi ne wurin da ya kamata ka fara dubawa, ka ɗauki sunayen ka je asibitin ka tambaya ko sun iso. Kwafin takardar da na rubuta a 2023 yana cikin koren fayil a durowar ƙasa, da kwanan wata da sa hannuna.