Gam marar wari ne ya cinye hannun ɗan yayata

Cikin duk gam ɗin da ake haɗa jirgin ruwa da shi, wanda ya fi yi wa fata illa mai ɗorewa shi ne wanda hanci bai cika jin sa ba. Efoksi nake nufi, gam mai ruwa biyu da sai an gauraya su kafin ya kama. Wanda ya taɓa amfani da Araldite ya san danginsa. Har yau raina yana ɓaci idan na tuna yadda mai shagon ya buɗe galan ya miƙo mini, ya ce, "Shinshina ka ji, Malam. Wannan ko a ɗaki ka buɗe shi ba wanda zai sani." Gaskiya ya faɗa, ba ya wari. Abin da bai faɗa ba shi ya jawo mana wahala.

Ni kafinta ne a Na'ibawa, nan kusa da 'yan katako. Ƙofofi da gadaje da kujeru su ne abincinmu. Haɗa jirgi ba sana'ar Kano ba ce, masu yin sa na gado suna can wajen Yawuri da Baga. Amma muna da ruwa: ga madatsar ruwan Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, ga Challawa a Ƙaraye, ga Watari a Bagwai. Wani dattijo masunci daga Tiga, abokin mahaifina ne, ya zo ya ce yana son ƙaramin kwale-kwale na filawud, marar nauyi, wanda mutum biyu za su iya ɗagawa su ɗora a mota. Na karɓi aikin da zumuɗi, don na daɗe ina son in gwada.

Babban yarona a shago ɗan yayata ne, kuma yana da asma tun yana ƙarami. Fentin feshi, hayaƙin janareta, har turaren wuta mai ƙarfi, duk suna tayar masa da ita. Duk wanda ya san shagona ya san ba ma feshi a ciki saboda shi. Hannunsa kuwa ya fi nawa kyau wajen haɗa gaɓa, ba na ɓoye wannan. Saboda haka da na tashi zaɓen gam, ƙirjinsa na sa a gaba. Ruwan faiba da masu gyaran bamba da tankin ruwa ke amfani da shi na cire shi tun farko, warinsa daga bakin titi ake jin sa, kuma ba ya riƙe katako sosai. Gam ɗin da masu kujerun kushin da masu takalma ke shafawa, mai kama da sholisho, shi ma ba a maganarsa. Farin gam namu na kullum kuwa ruwa yana narkar da shi. Efoksi ya rage: yana cike gurbi, ruwa ba ya cin sa, ga shi ba wari. Na ji kamar na gama lissafi.

Aiki ya yi kyau, sai dai zafin watan Maris ya hana mu sakat. Efoksi yana saurin kamawa cikin zafi, idan ka haɗa da yawa a kofi ɗaya kafin ka ankara ya ɗau zafi ya fara hayaƙi. Dole a yi sauri, da sauri kuwa sai ya zuba a hannu. Muna da safar hannu ta roba irin ta asibiti, tana yagewa muna ci gaba. Da yamma a wanke hannu da fetur ko tina, kamar yadda kowane kafinta da makanike yake yi a garin nan. Washegari a ɗauki sanfefa a goge inda aka shafa jiya, ƙura ta tashi fara fat ta sauka a wuya da fuska.

Ni ban ji komai ba, har yau ma ban ji ba. Shi ma da farko lafiya lau, asmar ba ta motsa ba, har ina yi wa kaina barka. Sai da aiki ya yi nisa ƙaiƙayi ya fara masa a tsakanin yatsu da wuyan hannu. Muka ce ƙurajen zafi ne. Aka sayo man shafawa a kemis, ya lafa, ya dawo aiki, ya sake tashi fiye da da. Wata safiya ya shigo fatar idonsa a kumbure, idon kamar ba zai buɗu ba, bayan hannunsa ya tsattsage yana fitar da ruwa. Ya ce, "Kawu, jiya ban runtsa ba." Ban san abin da zan faɗa wa uwarsa ba, ita da ta ba ni amanarsa saboda ta san ina kiyaye lafiyarsa.

Likitan fata da muka gani bai daɗe yana tambaya ba. Me kuke aiki da shi? Idan ya kwana biyu bai je shago ba yana samun sauƙi? Da me yake wanke hannu? Da na ce tina sai ya ajiye biro. Ya bayyana mini cewa tina da fetur suna narkar da gam ɗin, su wanke maiƙon da ke kare fata, su buɗe masa hanya ya shige ciki. Wato wankin da muke yi don tsafta shi yake tura gubar. Ya ce sabulu da ruwa ake sawa tun gam ɗin bai kama ba, ruwan khal ma yana cire shi. Safar hannu irin ta asibiti ba ta tare efoksi, yana ratsa ta, sai ta wata roba mai kauri da ake kira naitiral, ita ma a canza da zarar ta ɓaci. Ƙurar nan kuma da muke gogewa washegari, gam ɗin ya yi tauri a hannu amma bai gama nuna ba, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya mutu gaba ɗaya. Ita ce ta kama masa fatar ido da wuya, inda hannu bai kai gam ba.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ƙarshe. Wannan ba ƙuna ba ce da za ta warke a manta. Jiki ne ya koyi ƙin abin, kuma idan ya koya ba ya mantawa. Wani zai shekara ashirin yana damawa da efoksi bai ji komai ba, wani cikin makonni kaɗan jikinsa zai juya masa baya, daga nan ko ɗigo ya taɓa shi sai ya tashi. Kuma ba nan take yake nunawa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa mutum ba ya gane abin da ya jawo.

Na ga gaskiyar wannan da idona. Bayan ya warke ya dawo, na kwashe galan-galan ɗin na kai wani wuri, amma hannun ya sake tashi. Muka yi ta bincike, ashe mariƙin kilam, wato ƙarfen matse katako, da tef ɗin awo da makunnin fitila duk suna da danƙon gam ɗin a jiki, yana nan da ɗan laushi bai kama ba. Dalilin rashin kamawar shi ne abin da ya fi ba ni haushi. An sayar mini da efoksin ne a tsiyaye, cikin galan marar suna, ba takarda, ba ma'auni a rubuce. Mai shago ya ce in zuba biyu da ɗaya, idan ina son ya yi saurin kamawa in ƙara mai daskararwar, wato ruwa na biyun da ke sa gam ɗin ya kama. Wannan dabarar ruwan faiba ce, ba ta efoksi ba. Kowane efoksi da ma'auninsa, wani biyar da ɗaya, wani biyu da ɗaya, wani daidai wa daida. Idan ka ƙara ɗaya ya wuce ƙa'ida, rarar ba ta da abokin haɗuwa, tana nan a ɗanye cikin gam ɗin. Jirgi ya yi rauni, fata kuma ta ci gaba da sha. Mutum yana sayar da sinadari bai san abin da ke ciki ba, kuma ba wanda zai tambaye shi.

Jirgin farko ni kaɗai na ƙarasa shi, a wani kango da na ara, da efoksi na gwangwaninsa na asali. Amma dattijon ya kawo mini ɗan'uwansa yana son na biyu, ni kuma ba na son in yi aiki ba yarona. Sai na koma neman gam, wannan karon ba da hanci ba. Duk wanda na ɗauka sai na sa ƙanena ya nemo mini takardar bayanin haɗarinsa a intanet, wadda kowane kamfanin kirki yake fitarwa, mu karanta abin da ke ciki.

Na farko da aka yi ta tallata mini shi ne foliyuritan, gam ɗin nan ruwan zuma mai kumfa idan ya ji danshi. Ruwa ɗaya ne, ba gaurayawa, ba wari sosai. Da na saya da an gudu ba a tsira ba. Yana ɗauke da aisosayanet, wanda yana cikin manyan sinadaran da ke jawo wa ma'aikata asma a duniya, kuma yakan kai matakin cutarwa a iska tun hanci bai ji shi ba. Ga mai asma wannan ya fi efoksi haɗari, don fata za ta yi ƙaiƙayi, ƙirji kuwa idan ya toshe sai asibiti. Yawancin abin toshe gaɓar jirgi da ake sayarwa a bututu shi ma daga wannan gida yake, sai an duba.

Sai risosinol, jan gam mai duhu da aka daɗe ana haɗa jiragen katako da shi tun kafin efoksi ya yaɗu. Wajen jure ruwa ba a ja da shi. Amma da fomaldihaid yake kamawa, sinadarin da ke cikin fomalin na ɗakin ajiye gawa, mai yaji a ido da maƙogwaro, wanda hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi cikin masu jawo ciwon daji tun 2004. Ban da haka yana son gaɓa ta haɗu tsaf ba gurbi, a matse ta sosai da kilam, kuma ba ya son sanyin da ya yi ƙasa da digiri 21, wanda safiyar hunturunmu takan sauka ƙasa da haka. Garin gam ɗin da ake kwaɓawa da ruwa shi ma fomaldihaid ne a cikinsa.

Akwai farin gam mai jure ruwa irin Titebond III, ruwa ne tushensa, da ruwa ake wanke shi, shi ne mafi sauƙi a jiki cikinsu duka. Kamfanin da kansa ya rubuta cewa ba a yi shi don abin da zai zauna cikin ruwa ba. Na yi amfani da irinsa a benci da akwatin ajiye kifi, wato sama da inda ruwa ke kaiwa. A ƙasan jirgi ban yarda ba. Duk wanda ya tuna kwale-kwalen da ya kife a Bagwai cikin Nuwamba 2021 da ɗaliban da aka rasa, ba zai yi kasada da ƙasan jirgi ba don ya tsira da fatar hannu.

Dattijon nan ne ya warware mini. Ina ta zayyana masa gam-gam, ya saurara har na gama, ya ce, "Yaro, jirgin da na gada wajen ubana babu gam a jikinsa ko kaɗan." Falanki ne da haƙarƙari da ƙusa, a cusa auduga a tsakanin gaɓa, a bi da kwalta. Idan katako ya sha ruwa ya kumbura sai ya matse audugar da kansa. Haka muka yi na biyu, da falankin maɗaci da sukuru marar tsatsa. Maimakon gam ya riƙe jirgin, sukuru ne ya riƙe, abin da ke gaɓa aikinsa toshe ruwa kawai. A kan audugar na bi da abin toshewa na bututu irin wanda ake kira MS folima, wanda babu aisosayanet a cikinsa. Ba shi da ƙarfin efoksi, amma ba ƙarfi nake nema a wajensa ba. Da danshin iska yake kamawa, don haka cikin hunturu sai da muka yi haƙuri da shi. Kafin yaron ya taɓa shi na sa ya tambayi likitansa, kuma a fili muka yi aikin, da safar naitiral da riga mai dogon hannu. Kwalta kuwa mai jirgin ne ya shafa abarsa a bakin ruwa, don hayaƙinta ba na mai asma ba ne.

Abu biyu na kiyaye a wannan aikin. Katakon da ya bushe a iskar Kano yana kumbura ƙwarai idan ya shiga ruwa, idan ka matse falanki ba ka bar masa wuri ba zai bankare. Sannan katako ma ba duka ne lafiyayye ba: ƙurar iroko da ta obeche an san su da tayar da asma, shi ya sa ban kawo su ba duk da iroko yana jure ruwa. Takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare ƙura mai laushi, balle tururin sinadari. Ƙura tana son irin N95, tururi kuma sai mai gwangwanin gawayi a gefe.

Jirgin ya fi na filawud nauyi nesa ba kusa ba, mutum biyu ba sa ɗaga shi, kuma ya tsiyaya a kwanakin farko kafin katako ya kumbura ya rufe. Yanzu yana Tiga yana aiki, kuma kowace gaɓa a jikinsa ɗan yayata ne ya haɗa ta, hannunsa bai tashi ba, ƙirjinsa bai motsa ba. Ina alfahari da wannan jirgin fiye da na farko.

Efoksi dai ya rabu da shi ke nan. Ko ɗan ƙaramin bututun da ake liƙa ƙafar kujera da shi ba ya shiga shagona, kuma idan aka kawo gyaran da sai da shi, maƙwabcina nake tura wa, kuɗin ya wuce ni. Na koma wajen mai shagon na nuna masa hoton hannun yaron a waya, na roƙe shi ya riƙa liƙa takarda a galan yana rubuta suna da ma'auni, ya kuma daina cewa a ƙara mai daskararwa. Ya ce Allah ya sawwaƙe, shi haka ake kawo masa daga Legas. Da na wuce ta wajen kwanan baya galan-galan ɗin suna nan a jere, ba rubutu a jikin ko ɗaya.