Tarihin Rayuwata, Kashi na Bakwai: Daga Agege Zuwa Kano a Bayan Roka

A makon jiya na tsaya ne a daren da Baba ya tara mu bayan sallar isha'i, ya shaida mana cewa ya yanke shawarar mu tashi daga Agege mu koma Kano. Cikin watan Agusta ne na 1993, bayan an soke zaɓen 12 ga Yuni, kuma zanga-zangar watan Yuli ta riga ta ci rayuka a Legas. Kowa ka ji yana magana, a kan ranar 27 ga Agusta yake yi, ranar da soja suka ce za su miƙa mulki, domin ba wanda ya san abin da zai biyo bayanta. Tashoshin mota sun cika maƙil da masu barin gari, Inyamurai suna nufar gabas, mutanenmu suna nufar Arewa. Wajibi ne in faɗa a nan cewa a layinmu ba wanda ya ɗaga mana yatsa, kuma maƙwabtanmu Yarbawa su ne suka fi kowa roƙon Baba ya dakata. Amma tsoro ya riga ya shiga zuciyarsa, ga kuma saƙon mahaifiyarsa da ke zuwa ta bakin kowane direba, cewa ya kwaso mata jikokinta.

Baba yana ce wa tafiyar komawa gida, kuma a wurinsa gaskiya ne, domin a Kano aka haife shi, sai da ya zama saurayi ya bi fataken goro zuwa Kurmi. Inna kuwa a Agege aka yanke cibiyarta. Kakanta yana cikin Hausawan da suka zauna a gefen layin dogo suna cinikin goro, iyayenta duka a maƙabartar Agege suke kwance, kuma sau biyu kaɗai ta taɓa zuwa Kano, duk a matsayin baƙuwa. A lokacin ina ɗan shekara 12, ban lura da wannan bambanci ba, ni dai ɗokin doguwar tafiya ya ishe ni.

Wani abokin cinikin Baba ne ya ba mu wuri a motarsa, Mercedes 911 da ake kira roka, wadda za ta kai goro Kano. Aka fara jera huhunan goro a ƙuryar bodi, kowane huhu an naɗe shi da ganyen fita an ɗaure tam, sannan aka bi baya da katifu, da akwatuna, da keken ɗinkin Inna, da kwallaye da samiru da aka cusa wa tsummoki don kada su goge juna. A kan turmi aka yi gardama. Yaron mota ya ce ba wuri, Baba ya ce Kano ba ta rasa turmi ba, Inna kuma, wadda ban taɓa jin ta musa masa a gaban mutane ba, ta ce a hankali, "Malam, na mahaifiyata ne. In ba za a sa shi ba, a sauke keken." Baba ya dube ta, bai ƙara cewa komai ba, ya ɗaga turmin da kansa ya miƙa wa yaron mota.

Da asuba, muna idar da salla, tsohuwar da ke sayar da abinci a ƙofar gidanmu ta fito da burodin Agege guda shida da zafinsa, ta danƙa wa Inna. Suka rungume juna suna magana da Yarbanci, wanda Inna take ji kamar Hausa, har sai da direba ya danna oda sau biyu. Inna da ƙannena mata biyu suka shiga gaba, ni da Yaya da Baba muka hau bodi muka zauna a kan katifu ƙarƙashin tamfol. Baba ya karanta mana addu'ar hawa abin hawa muna maimaitawa, mota ta ɗaga.

Daga Legas zuwa Kano kilomita dubu ne ko kusa da haka, kuma roka mai lodi ba ta san sauri ba. Mun wuce mahaɗar Shagamu, inda Baba ya nuna mana hanyar Sabo da ya sha zuwa sarin goro, muka ratsa Ibadan da tsofaffin rufin kwanonta da suka yi ja, sannan muka kama siririyar hanyar Oyo da Ogbomosho, wadda manyan motoci suke gogayya a kanta ba dare ba rana. Shingen bincike kuwa ban iya ƙirga su ba. A kowane ɗaya sai an leƙa bodi an tambayi ina za mu, Baba ya amsa da ladabi, a sake mu. A Ilori muka tsaya muka haɗa azahar da la'asar, raka'a bibbiyu, kuma ranar ce na fara yin sallar ƙasaru a rayuwata.

Rana ta yi sanyi sa'ad da muka gangaro Jebba. Baba ya ɗage gefen tamfol ya ce mu miƙe mu kama ƙarfen bodi. Damina ce, kogin Kwara ya cika ya batse, ruwansa ja kamar kunun kanwa, ga wani dogon dutse a tsaye tsakiyar ruwa shi kaɗai, ga masunta cikin ƙananan kwale-kwale kamar ƙwari a kan faifai. Ban taɓa ganin ruwan da ba na teku ba mai wannan faɗi. Baba ya ba mu labarin da ya ji daga tsofaffin fatake, cewa jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, amma a farkon lamarin ba a gama gada a nan ba, sai dai a ɗora taragai a kan jirgin ruwa a ƙetare da su. A tsarin mulki, tun daga Ilori an shiga tsohuwar Jihar Arewa, amma duk matafiyin da ya san hanyar nan bai yarda ya zo Arewa ba sai ya ga gadar Jebba a bayansa. Muna kaiwa ƙarshenta Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, mun shigo gida." Fuskarsa ta saki a karo na farko cikin makonni. Da aka tsaya shan ruwa a ɗaya gefen, na je ƙofar gaba da gudu in tambayi Inna ko ta ga kogin, sai na tarar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ɗaya daga cikin ƙannena tana riƙe da hannunta. Na koma bodi ban faɗa wa kowa ba, kuma har yau ina ganin da na gaya wa Baba da ya sauko ya ce mata wani abu.

A Mokwa muka kwana, a tsakanin jerin manyan motoci, muka ci burodin tsohuwa da soyayyen kifi da shayin mai tebur. Washegari ƙasa ta sake kama. Bishiyoyin kwakwar manja da duhun kurmi sun ɓace, sai kaɗanya da ɗorawa, da gonakin dawa da suka kai tsayin mutum, da rumbuna a gefen ƙauyuka, da Fulani da garkensu. Yaya ya tambayi Baba sunan wata ƙatuwar bishiya mai kauri, Baba ya yi shiru kaɗan kafin ya ce kuka ce, wadda muke shan miyarta kusan kullum tun muna jarirai.

Bayan mun wuce Tegina tayar baya ta fashe da ƙara mai firgitarwa, mota ta yi tangal-tangal kafin direba ya shawo kanta. Safayar da ke ciki ita ma ba iska, sai da yaron mota ya tari wata mota ya tafi da ita neman mai faci, muka yi kusan awa huɗu a bakin daji. Hankalin direba duk yana kan goro, domin goro ba ya son zafi, in ya jima a rufe cikin rana sai ya soma lalacewa, kuma asarar mai kaya ce. Baba ya hau da kansa ya buɗe tamfol, yana cusa hannu tsakanin huhuna yana jin ɗuminsu, yana yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan a inda ya ga ganyen ya soma bushewa. Inna ta shimfiɗa tabarma a inuwar wata ɗorawa ta jiƙa mana garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ta zuba na Baba a kwanonsa ta ce in kai masa, ita kuwa ba ta ci ba.

Daga nan sai Kagara da Birnin Gwari, muka shiga Kaduna da dare ta Mando, muka ɗan runtsa, sannan muka kama hanyar Zariya kafin alfijir. Wayewar gari ta same mu a Kwanar Dangora. Gonakin shinkafar Kadawa suka buɗe kore shar har iyakar gani, muka wuce Kura, muka shigo ta Na'ibawa da hantsi.

Roka ba ta iya shiga lungun gidan kakanmu da ke cikin birni, sai aka sauke kayanmu a bakin titi, masu amalanke suka riƙa kwasa. Kakarmu ta tarye mu a zaure tana guɗa tana hawaye, ta kama kunnena ta ce, "Ga angona ya dawo daga Ikko, ko tsarabar goro bai riƙo mini ba." Yaran gidan suka kewaye mu suna sauraron Hausarmu, suna ƙunshe dariya duk lokacin da kalmar Yarbanci ta kuɓuce mana. Aka nuna wa Inna ɗakin da aka share mata, na ƙasa ne mai rufin azara, aka ajiye turminta a bakin ƙofa. Da aka kira azahar ta yi alwala, ta ɗauki dardumarta ta tsaya tsakiyar ɗakin tana duban bango ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kira ni da ƙaramar murya ta ce, "Je ka tambayo mini Hajiya, ina ne gabas a gidan nan."

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda aka kai ni makarantar allo ta unguwa, da abin da ya faru a ranata ta farko.