Kafin ka ce mata "je ki gidanku"

Ƙannena masu shirin aure, a Kano mun fi yawan maganar zawarawa fiye da maganar yadda ake samar da su. Tun 2012 Hisbah ke haɗa auren gata, a Oktoban 2023 ma an ɗaura na ma'aurata 1,800. Madalla. Amma ni da na taɓa sakin mace, na san wani auren tun a wurin zance yake fara mutuwa.

Nawa ƙaryar samu ce ta ci shi. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin bai taka kara ya karya ba, amma in zan je zance sai na ari motar abokina. Da aka zo lefe na ci bashi, aka jera akwatuna, har da dina a ɗakin taro don kada a raina ni. Yarinya ta tare tana lissafin wani mutum daban, ba ni ba. Abin da nake ajiyewa na cefane ta ɗauka rowa ce, ni kuma kunya ta hana ni gaya mata rabin albashin masu bashi ke kwashewa. Talauci shi kaɗai bai cika raba aure ba, na ga 'yan garuwa sun tsufa da matansu. Wanda aka ɓoye shi ke rabawa.

Sai kuma kai ƙara wurin Hajiyarmu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kai ka huce kafin asuba, uwa kuwa tana nan riƙe da maganar.

Babbar ɓarnar ita ce ranar sakin. Muka yi sa'insa, na rubuta takarda, na ce ta tafi gidansu. Alhali ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi cewa ta yi kada a fitar da su daga gidajensu. A ɗakinta za ta yi idda, ci da shanta na wuyanka, kuna ganin juna safe da yamma, in zuciya ta sauka ka mayar da ita ba sabon sadaki, ba taron ɗaurin aure. Ni kuwa tana isa gida magana ta fita daga hannunmu, ta koma hannun baffanta da yayyenta. Aka zo da a-kori-kura aka kwashe kayan ɗaki. In an riga an kwance gado a gaban maƙwabta, biko wuya gare shi, don kowane ɓangare sai ya koma kare mutuncinsa. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a nemo mai sulhu daga danginsa da danginta. Waliyyanmu suna raye, ban tuna da su ba sai da idda ta cika.

Ke kuma ƙanwata, dokar Kano ta 2024 ta wajabta gwajin jini kafin aure, kada ki yi wasa da shi, musamman na sikila. Amma asibiti ba ya auna aljihu. Ki sa wani yayanki ya je ya ga shagon ko ofishin mai neman aurenki da idonsa, ya ji ko ana bin sa bashi, ya kuma tambaya a ina za a ajiye ki, gidan haya ne ko ɗaki a gidan iyayensa.