Layin dogon da na kai Sakkwato a cikin ɗaki guda

Ƙanena da ke aiki a Legas ne ya aiko mini da kwalin, shekara uku da suka wuce, ya ce a wurin masu kayan gwanjo ya tsince shi. A ciki akwai kan jirgin ƙasa na wasa ɗaya ƙirar kamfanin Bachmann, tarago biyar, da guntayen dogo waɗanda idan ka harhaɗa su sai su ba ka zagaye mai siffar ƙwai. Irin girman da ake kira HO ne, wato an rage komai sau 87, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogon biyu milimita 16.5 ce kacal.

Abin ya taɓa ni fiye da yadda ƙanen nawa ya zata. Mu a Sakkwato ba mu taɓa jin kukan jirgin ƙasa a cikin gari ba. Dogo ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya tsaya nan. A lokacin ƙasar Lardin Sakkwato ce, sai a 1996 da aka yanke Zamfara ta tafi da ɗan dogon da muke tinƙaho da shi. Ina yaro na taɓa bin mahaifina zuwa Gusau, na tsaya bakin tasha na ga taragu jere, kuma hoton bai taɓa barin raina ba.

Kuskuren farko a ranar farko na yi shi. Taransifomar da ke cikin kwalin ta Amurka ce, wutar 120 take ɗauka, tamu kuwa 230. Ina jona ta sai ƙauri ya tashi. Wani mai gyaran rediyo a unguwarmu ya cece ni: ya ce tunda jirgin bai wuce wutar batir 12 ba, in ja daga batirin solar gida, ya haɗa mini ɗan akwati mai maɓallin murɗawa da fis. Har yau da shi nake aiki, ko an kawo wuta ko an ɗauke.

Daga nan na sayo filawud guda, ƙafa 4 a ƙafa 8, na ɗora kan ƙafafu huɗu, na jingina shi da bango a ɗakin da ke kusa da zaure. Na buga dogon da ƙananan ƙusoshi, jirgi ya fara zagaye. Yara suka yi ta murna. Ni ma haka, na kwana kamar shida.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi ƙuruciyarsa yana aikin dogo tsakanin Gusau da Ƙaura. Na gayyato shi bayan la'asar. Ya zauna kan kujera, ya dafa sandarsa, ya bi jirgin da ido har zagaye huɗu bai ce uffan ba. Sannan ya juyo.

"Ɗana, wanga jirgi naka, ina za shi?"

Na ce, "Baba, zagayawa yake yi."

"Na ga yana zagayawa. Mi yaɗ ɗauko? Wa ka jiran shi?"

Ban sami amsa ba, kuma a daren na gane dalilin da ya sa abin ya fara fita raina. Jirgin gaske ɗan aike ne. Ya ɗauko gyaɗa da auduga da fatun jar akuya daga nan ƙasar ya gangara da su kudu, ya dawo da gishiri da kananzir. Nawa kuwa ba shi da inda ya fito, ba shi da inda za shi. Duk da haka ban ɗauki darasin nan take ba. Na zaci ƙawa ce ta yi ƙaranci, sai na ƙara ƙawa.

Na sayi ƙarin dogo, na mai da zagayen ya zama kamar lamba 8, layi ɗaya ya hau ya ƙetare ɗaya ta kan gada. Kafin jirgin wannan girman ya wuce ƙarƙashin wani, ana bukatar tsayin kusan santimita 8. Filin hawan da nake da shi mita 2 ne, wato a kowace mita dogo yana tashi santimita 4, ga shi kuma hawan a kan kwana yake. Kan jirgin da ke jan tarago biyar a shimfiɗe, a nan uku suka gagare shi. Sai ka ga ƙafafunsa na juyawa a wuri ɗaya, injin na kuka. Masu wannan sana'a suna son hawa ya tsaya wajen santimita 2 a kowace mita, wanda ke nufin mita 4 na hawa da wasu 4 na sauka. Filawud ɗina bai da wannan tsawon.

Na kuma yi rami da kwali da takardar buhun siminti a can lungun da ke jikin bango. Ya yi kyau ƙwarai, amma hannun mutum a tsaye bai cika wuce santimita 70 ba, faɗin teburin kuwa 120. Duk lokacin da tarago ya goce a cikin ramin sai mun ja teburin gaba ɗaya. Da damina ta yi nisa, wata rana jirgi ya shiga bai fito ba. Na haska tocila, sai ga ginin zanzaro, laka busasshiya, daram a kan ƙarfen dogo ɗaya.

A watan Agusta na yi yawancin wannan aikin, lokacin da katako ya sha danshi ya kumbura, kuma na matse kawunan ƙarafan gam da juna don kada a ga tsaga. Hunturu ya zo ya tsotse katakon, ya motse. Bazara ta biyo baya da zafin da ke haura 40, ƙarfe ya miƙe. Ƙarin da mita guda ta dogo ke yi bai kai rabin milimita ba, amma tunda ba shi da inda zai je, sai ya kauce gefe. A wurare uku layin ya karkace kamar an taka maciji. Ranar na zare ƙusoshin duka, na tattara dogon cikin kwali, na koma wurin Baba da littafi da biro.

Abin da muka fara rubutawa ba zanen layi ba ne. Tashoshi muka rubuta, da kayan da kowace za ta bayar da wanda za ta karɓa. Na ce ina so in ƙarasa aikin da aka bari a 1929, in kawo dogo Sakkwato. Tafiyar gaske ta kai kilomita 200, ko an rage ta sau 87 sai ta haura kilomita 2, ɗakina kuwa mita 3.6 ne a mita 3. Don haka dole a zaɓa. Muka tsaya kan uku: Ƙaura a farko, Talata Mafara a tsakiya inda jirage biyu za su iya kauce wa juna, Sakkwato a ƙarshe. Ƙaura ta aiko da auduga da hatsi, Sakkwato ta mayar da albasa da fatu da simintin Kalambaina.

Sai na kira kafinta. Na ce ya tsaga filawud ɗin gida-gida, mu ƙaro wani katakon, mu yi kanta mai faɗin santimita 50 ta bi jikin bango ta kewaye ɗakin, a tsayin santimita 110 daga ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Malam, teburi lahiya lau za mu yanke?" Na ce ya miƙa hannu ya taɓa bangon baya daga inda yake tsaye. Ya gwada, ya kasa, ya ɗauko zarto. Da wannan sauyin kaɗai tsawon layin ya kai wajen mita 11, tsakiyar ɗakin ta zama fili har ana shimfiɗa tabarma, kuma babu wurin da hannuna bai kai ba. Tsayin ma ya sauya kallon: yanzu daga gefe kake ganin jirgin, kamar kana tsaye bakin tasha, ba daga sama ba kamar shaho. Ƙananan yara na yi musu benci. An shafe katakon da fenti ciki da baya, an kuma ɗaga ƙafafun kan guntayen tayil saboda gara.

Kafin in buga ƙusa ko ɗaya, na shimfiɗa takardun buhun siminti a kan kantar na zana komai da girmansa na gaskiya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aikin ido ya yaudare ni sau da yawa, musamman wajen mararraba, inda layi ke rabuwa biyu. A ƙaramar takarda sai ka ja layuka huɗu su rabu cikin ɗan taƙi, amma mararrabar gaske tana cin fiye da santimita 20 kowace ɗaya. Don haka na riƙa ɗora su kan takardar ina bin gefensu da fensir. Kwana kuwa da ƙusa da zare na zana. Dogon da ya zo cikin kwalin kwanarsa ta zare mai inci 18 ce, kusan santimita 46, kuma doguwar tarago a kanta sai ka ga cikinta ya leƙo waje. Na sayi dogo mai lanƙwasuwa, irin wanda ke zuwa yadi-yadi, na yi kowane lungu da zaren santimita 60, muka ƙara ɗan katako mai kusurwa uku don ya ɗauke shi. Inda kwanar dama ke bin ta hagu kuma na sa miƙaƙƙen dogo mai tsawon tarago guda a tsakani, domin a irin wurin nan ne maƙalan taragu ke fizgar juna su jefar da kaya.

Tashar Sakkwato ta fi cin lokacina, kuma a nan Baba ya fi amfani. Jirgi idan ya iso ƙarshen layi, kan nasa yana gaba ne, bango na gabansa. Dole ya saki taragun, ya ƙara gaba, ya koma ta layin gefe, ya zagayo ya kama su ta ɗaya ɓangaren. Tsawon wannan layin gefen shi ke yanke tsawon jirginka, ba ƙarfin inji ba. Kowane tarago nawa da maƙalansa kusan santimita 16 ne, shida sun kama 96, sai na ba layin mita guda cif, da tazarar santimita 5 tsakanin tsakiyar layi da tsakiyar ɗan'uwansa. A zanen farko na bar santimita 15 bayan mararrabar ƙarshe. Baba ya ɗauki kan jirgin da hannunsa ya aza kan takardar, gindinsa na zaune kan mararrabar.

"Ka gani? In bai hita sarai ba, ba ka iya juya mai hanya."

Kan jirgin ya kai santimita 20. Da na riga na buga, da sai na tayar da rabin tashar. Na goge na mai da shi 28.

Hawa kuwa na yafe shi baki ɗaya, kuma ban yi nadama ba, ƙasarmu dai shimfiɗaɗɗiya ce. Da nake son gada kusa da Talata Mafara, inda Gulbin Sakkwato ke bi ta Bakolori, sai muka bar dogon a miƙe muka sauke katakon da ke ƙarƙashinsa da santimita 10. Na zuba yashin gulbi na gaske da na tankaɗe da rariya, na bar ruwan siriri a gefe ɗaya kamar yadda yake da rani. Duk wanda ya shigo a nan yake fara tsayawa.

Wannan karon a ƙarshen Fabrairu na shimfiɗa ƙarafan, katako ya bushe sarai, kuma a kowace mahaɗa na cusa katin waya na zare, ya bar ɗan tsaga. Kowane sandan dogo na liƙa masa wayarsa da dalma daga ƙasa, domin ƙurar hunturu tana shiga mahaɗai ta yanke wuta. Ba rami ko ɗaya. Idan mun gama wasa, tsofaffin zannuwan uwargida muke lulluɓawa, kafin a kunna kuma a bi kan ƙarfen da tsumma da ɗan sifirit. Layin ya ga bazara biyu yanzu bai motsa ba.

Akwai abu ɗaya da na sani ba daidai ba ne. Tsohon dogon Najeriya faɗinsa milimita 1,067, wanda in an rage shi sau 87 zai zo kusan 12. Nawa mai 16.5 ya dace ne da sabon dogo mai 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Na tambayi Baba ko abin ya dame shi, ya ce in dai za a kawo wa Sakkwato dogo yau, ai sabon za a kawo.

Zagayen ma ban kashe shi ba, saboda yara. A bakin ƙofa muka yi gada mai ɗaguwa wadda ke haɗa ƙarshen Sakkwato da farkon Ƙaura. In an sauke ta, jirgi na iya kewaya ɗakin ba tsayawa. Idan an ɗaga ta wutar sassan da ke kusa tana yankewa, don kada kan jirgi ya faɗo kan siminti.

Ranar Juma'a bayan la'asar muke aiki. Baba yana zama wajen Ƙaura da guntayen kwali da ya rubuta wa kaya, ya saka ɗaya cikin kowane tarago. Babban ɗana ke riƙe da Talata Mafara, ni ina Sakkwato. Tafiya ɗaya, da sauke kaya da juya kan jirgi da haɗa na komawa, tana cin kusan minti 40. Reshen Kalambaina ne bai kammala ba, ina jiran mararraba ɗaya mai karkata hagu daga Legas. Kafin ta iso, taragun siminti biyu suna kwana a layin gefe, kuma kowane mako sai Baba ya nuna su da sanda ya ce sun tare mai hanya.