Ka buɗe shafi, amma Google ya san da kai?

Ƙannena masu shirin buɗe wa sana'arsu shafi a intanet, da waɗanda suka riga suka buɗe suna jiran Google ya turo musu masu saye, da ku nake. Ni kayan fata nake sayarwa a Kano, takalma da jakunkuna da alabe. Dukawa ke ɗinkawa, ni kuma ina nemo kasuwa. Ban yi karatun kwamfuta ba, don haka yawancin abin da zan faɗa muku da kuɗin aljihuna na koye shi, har da kuɗin da ya kamata a ce sun tafi sarin fata.

Lokacin da na yanke shawarar yin shafi, wani yaro mai ilimin abin na ba aikin. Ya yi shi da kyau, na biya, na buga adireshin a jikin leda da katin shago, na koma na zauna. A tunanina shafi kamar shago ne a bakin titi, da ka buɗe ƙofa masu wucewa za su gan ka. Watanni suka shuɗe, babu wanda ya taɓa kira ya ce a Google ya same ni.

Ga yadda abin yake aiki. Google yana da manhaja mai yawo daga shafi zuwa shafi tana bin mahaɗai, tana karanta abin da ta tarar, tana adanawa a rumbunsa. Idan mutum ya yi bincike, a cikin wannan rumbun ake duba masa. Shafin da bai shiga rumbun ba, ko da zinare aka yi shi, ba zai fito ba. Gwajin kuma mai sauƙi ne: ka rubuta site: a akwatin bincike, ka biyo shi da adireshin shafinka ba tare da tazara ba. Ranar da wani abokina ya yi mini wannan gwajin, ko layi ɗaya bai fito ba. Da aka bincika, ashe a cikin saitunan WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, akwai wani ɗan akwati da ake dannawa don a ce wa injunan bincike su ƙyale shafin. Masu gina shafi kan danna shi yayin da suke aiki don kada a ga gini rabi da rabi. Yaron ya gama, ya karɓi kuɗinsa, ya manta bai cire ba. Ni kuma ban san ma akwai shi ba, balle in tambaya.

Wannan mantuwa ce, kowa na iya yi. Wautar da take tawa ita ce barin sa ya yi rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa. Adireshin shafi haya ake yi, duk shekara sai an sabunta. Da wa'adin ya zo, saƙon tuni can wurinsa ya tafi, shi kuwa ya tafi bautar ƙasa ya canza lamba. Da ƙyar na samo shi kafin adireshin ya suɓuce. Da ya suɓuce, duk ledojin da na buga sun tashi a banza, duk ɗan sunan da na fara yi a Google kuma ya bi ruwa. Saboda haka ko wa zai gina maka, kai za ka yi rajistar adireshin da sunanka da imel ɗinka, kalmar sirri kuma tana hannunka. Adireshi mai ƙarewa da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin kulawar NiRA, hukumar da ke rajistar adireshin intanet na Najeriya, ta hannun dillalan da ta amince da su ake saye, kuma yana nuna wa Google cewa kasuwarka a Najeriya take. Haka ma Google Search Console, wurin da Google ke nuna maka halin da shafinka yake ciki a bincike, da asusunka na Gmail za a buɗe. Kyauta ne. A nan ake miƙa jerin shafukanka, a nan Google ke gaya maka wanda ya adana da wanda ya ƙi, da dalili.

To, an cire akwatin, Google ya shigo. Me ya tarar? Hotuna. Shafi guda mai suna "Kayanmu", an jera fostoci irin waɗanda nake sakawa a WhatsApp, sunan takalmi da farashi da lambar waya duk a cikin hoton suke. Ido na gani, amma Google rubutu ya fi dogara da shi, ni kuwa rubutun da ke shafina bai wuce "barka da zuwa" da 'yar addu'a ba. A nan ne na fi daɗewa ina asara, kuma a nan ne gyara ya fi biya.

Abin da na yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Na ɗauki littafi na fara rubuta tambayoyin da masu saye ke yi mini kullum a shago da kuma a waya. Fata ce ta gaske ko roba? Akwai lamba 46? Idan ruwa ya taɓa shi zai ɗaye? Kuna aikawa Abuja, kuma kwana nawa yake yi a hanya? Idan bai shige ni ba ana canzawa? Waɗannan su ne mutane ke rubutawa a Google idan ba su da wanda za su tambaya. Sai na ba kowane kaya shafinsa: sunansa a sarari a kan take, irin fatar, lambobin da ke akwai, farashi a rubuce, yadda ake aikawa, da amsar tambayoyin nan da irin maganar da zan yi wa mutum a tsaye a gabana. Taken nan shi ne shuɗin layin da ke fitowa a sakamakon bincike, kuma idan ya yi tsawo Google kan gutsure shi, don haka sunan kaya da gari su zo a farko, kirari ya biyo baya in da sauran wuri. Kowane hoto kuma akwai gurbin da ake rubuta bayaninsa, wanda Google ke karantawa, makafi masu amfani da manhajar karanta allo su ma suke ji. Na cike su duka.

Daga baya na rubuta shafi guda a kan yadda ake bambance fatar gaske da ta jabu: ƙamshinta, yadda bayanta yake, yadda take yin laushi idan ta sha sawa maimakon ta tsattsage. Na sa har da labarin jar fatar akuyar Sakkwato, wadda fatake suka riƙa haura Sahara da ita har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Wannan shafin ya fi shafin farko kawo mini baƙi nesa ba kusa ba, kuma wanda ya gama karanta shi ya kira, ba ya ɓata lokaci wajen tambayar ko zan cuce shi. Abin da ka sani na sana'arka, wanda kake ganin kowa ya sani, shi ne abin da babban kanti na intanet ba shi da shi.

Sai batun harshe. Search Console na nuna ainihin abin da mutane suka rubuta kafin shafinka ya bayyana musu. A nan na ga masu nema daga Legas da Fatakwal da Turanci suke rubutawa, na Kano da Katsina da Maraɗi kuwa da yawansu da Hausa. Na daina cakuɗa harsunan biyu a shafi ɗaya, na yi wa kowanne nasa.

Kafin in kai ga wannan hankalin, gajeriyar hanya na nema, kuma nan ne kuɗina suka fi ƙonewa. Wani ya ce in maimaita "takalmin fata Kano" a kowane layi, har in ɓoye wasu da farin rubutu a kan farin fage. Na yi. Shafin ya koma kamar surutun mai zazzaɓi, kuma ɓoye rubutu laifi ne a dokokin Google. Wani ya karɓi kuɗi don cike mini gurbin kalmomin bincike na ɓoye, alhali tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya amfani da wannan gurbin wajen jera sakamako. Na kuma kwafo bayanin kaya daga wani shafin ƙasar waje don Turancinsu ya burge ni. Idan Google ya ga rubutu iri ɗaya a wurare biyu, ɗaya yake zaɓa ya nuna, kuma ba mai kwafa yakan zaɓa ba. Tun sauyin da ya yi a 2011, wanda ake kira Panda, yake danne shafuka marasa nama.

Mafi tsadarsu shi ne sayen mahaɗai. Saƙo ya shigo imel ɗina, wai za a kai ni lamba ɗaya a sakamakon bincike cikin mako biyu. Maganar tasu tana da ɗan tushe, shi ya sa take kama mutane. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabararsu ita ce ɗaukar mahaɗi daga wani shafi zuwa naka a matsayin shaidar yabo. Sai 'yan damfara suka mayar da shaidar hajar sayarwa. A Afrilun 2012 Google ya fito da Penguin don hukunta masu wannan, daga 2016 kuma galibi watsi kawai yake yi da irin mahaɗan, kamar ba a yi su ba. Ni da na duba waɗanda aka sayar mini, daga shafukan caca ne da na magungunan ƙarfin maza, cikin harsunan da ko haruffansu ban sani ba. Matsayina bai motsa ba, kuɗin kuma sun tafi. Google da kansa ya rubuta cewa babu wanda zai iya ba ka tabbacin lamba ɗaya. Mahaɗin da ya taɓa yi mini amfani, wata mai rubutu a kan kayan lefe ce ta sayi jaka, ta ji daɗinta, ta ambace ni. Irin wannan ba a saye, amma ana iya roƙa: ƙungiyar sana'arku, wanda kake sarin kaya a wurinsa, ɗan jaridar da ya zo hira.

Nauyin shafi ba zan ja shi da tsawo ba. Hotuna nake ɗorawa kai tsaye daga waya, kowanne megabayit huɗu ko biyar, ga su birjik a shafi ɗaya. A shago ina ganin yana buɗewa, amma mai ƙaramar waya da ragowar data a Gumel ba zai jira ba. Tun 2015 Google ke fifita shafukan da suka dace da waya, daga 2018 kuma ya fara auna shafi da yadda yake a waya kafin kwamfuta. Ka saka adireshinka a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin buɗewa, kyauta ne. Ma'aunin da suke so shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ka rage girman hotuna kafin ka ɗora. Ka kuma tabbata adireshinka da https yake farawa, don tun Yulin 2018 Chrome, manhajar Google ta buɗe shafuka, ke yi wa wanda ba shi da shi tambarin rashin tsaro. Wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt na ba da takardar tsaron da ke sa a samu https kyauta, kada wani ya tsawwala maka a kanta.

Abin da na fi jin haushin jinkirinsa kuwa shi ne Google Business Profile, wanda ake kira Google My Business kafin Nuwamban 2021. Idan mutum ya nemi mai gyaran waya ko mai ɗinki kusa da shi, taswira ce ke fara fitowa da 'yan shaguna a ƙarƙashinta, shafukan intanet suna can ƙasa. Shiga nan ko sisi ba a biya. Google ya ce abu uku yake dubawa: dacewar sana'arka da abin da aka nema, nisanka da mai neman, da yadda aka san ka. Nisa ba ka da iko da shi, sauran biyun kana da. Ka zaɓi rukunin sana'a daidai. Ka dasa alamar taswira a ƙofar shagonka da hannunka, don lungunanmu ba duka ke da lamba ba, ka kuma rubuta kwatance. Lokutan buɗewa su zama na gaskiya, har da rufewar Juma'a da canjin lokaci na azumi. Wanda ya hau adaidaita ya zo ya tarar da kwaɗo a ƙofa ba zai dawo ba. Suna da lambar waya su zama iri ɗaya a nan da shafinka da Facebook.

A nan ma sai da na yi kwaɗayi. Na sa 'yan gidanmu da abokai su zuba mini taurari biyar-biyar a yini guda. Ba a daɗe ba yawancinsu suka ɓace, don Google na share sharhin da ya ga alamar haɗin baki a ciki. Yanzu idan kaya ya isa hannun mai shi ya ce ya yi, a take nake tura masa mahaɗin in ce don Allah ya rubuta abin da ya gani. Ba kowa ke yi ba. Wanda ya rubuta ƙorafi kuma ina ba shi amsa a fili cikin ladabi, saboda masu karanta amsar sun fi shi yawa.

Zan faɗi wata magana da masu gina shafi ba za su so ba: ba kowace sana'a ke buƙatar shafi ba. Idan masu sayenka duk 'yan unguwa ne, kamar mai wanki da guga ko mai aski, taswirar Google da lambar WhatsApp sun ishe ka. Shafi na wanda ke son wanda bai san shi ba, a garin da bai taɓa zuwa ba, ya yarda ya turo kuɗi.

Idan ka yi shafin, ka san abin ba na gaggawa ba ne. Google da kansa ya ce gyara irin wannan kan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa. Ni a goman ƙarshe na azumi na taɓa ɗora shafin takalman Sallah, lokacin da kasuwa ke ci. Sai da aka sauko daga idi, aka gama yawon Sallah, sannan ya fara leƙowa a bincike. Yanzu na ƙaramar Sallah tun Rajab nake gyara shi, na babbar Sallah kuwa da an shiga Shawwal. Ba na buɗe sabo duk shekara, adireshin nan dai na bara nake bari, in canza hotuna da farashi.