Abin da ɗinkin rigar sitiyari ya koya mini game da fatar kaboyi

A cikin dukanci, aikin da na fi daɗewa ina koyo shi ne zanen fata irin na makiyayan yammacin Amurka, wanda ake ƙawata sirdi da bel da jakar kuɗi da shi a jihohi kamar Texas da Wayomin. Asalinsa na makiyayan Meziko ne, waɗanda suka gaji kayan doki daga Sifaniyawa, sannan maɗinkan sirdi na Amurka suka ɗora a kai. Garin Sheridan na Wayomin har ya yi suna da salonsa na ƙananan furanni da rassa masu nannaɗewa cikin da'ira, salon da aka fi dangantawa da wani maɗinkin sirdi mai suna Don King. Da masu motoci suka fara neman a yi musu rigar sitiyari da irin wannan zane, sai na fahimci cewa abin da ya dace da sirdi ba lallai ne ya dace da abin da direba ke riƙewa ba.

Zanen ba ya zama sai a kan fatar da aka jeme da sassaƙen itace, kamar yadda majemanmu ke yi da bagaruwa. Ana jiƙa ta, a bar ta ta sha iska har launinta ya fara dawowa, sannan a tsaga layukan furen da wuƙa mai juyawa, a bi gefensu da ƙarafan bugu har furen ya taso. Amma wannan fata tana da tauri, rana tana sa ta duhu, kuma zufa tana shiga ta. Kirgin sirdi yana kai kaurin milimita 5 ko 6, alhali rigar sitiyari ba ta buƙatar fiye da milimita 1 da ɗan ɗoriya, kuma fata mai wannan sirantaka ba ta ɗaukar zane mai zurfi. Fatar da aka jeme da sinadarin kuromiyam, hanyar da wani masanin sinadarai mai suna Augustus Schultz ya yi wa rajista a 1884, ta fi laushi da jure danshi, shi ya sa ita aka fi sa wa kujerun mota, sai dai ko an buga mata zane ba ya tsayawa.

Awo ne ya fi ba ni tsoro a wannan aiki, kuma a ganina ya cancanci a ji tsoronsa. Faɗin sitiyarin yawancin ƙananan motoci yana tsakanin santimita 37 da 39, amma kaurin inda ake kamawa ya bambanta daga mota zuwa mota, don haka ba na yanka sai na auna da kaina. Ina rage tsawon fatar kaɗan domin ta shiga da ƙyar, in kuma rage faɗinta yadda bakunan biyu ba za su haɗu ba sai zare ya ja su. Bel idan ya yi sako-sako ƙarin huda kawai yake so. Rigar sitiyari kuwa idan ta zame a kwana, hannu zai juya amma taya ba za ta bi shi ba. Ina ɗinka ta a jikin sitiyarin da allura biyu da zare mai kaki, ina ɗame kowane ɗinki kafin in wuce.

Akan sami mai mota ya nace sai an zane masa zagayen gaba ɗaya. Nakan ce masa, “Alhaji, zanen zai yi kyau, amma tafin hannunka ne zai kwana a kansa daga nan har Abuja.” Ramukan furen suna tara datti da zufa, man da ake shafawa don ƙyalli kuma yana jawo santsi. Saboda haka nake sa guntun fata mai zane a sama da ƙasa kawai, in bar dama da hagu, inda hannuwa ke zama, da fata mai laushi marar ado. Tsakiyar sitiyari kuwa ba na rufe ta ko nawa za a biya ni, domin ta nan jakar iska ke fitowa idan an yi karo.