Asabar: na bi sawun warin da ke cikin motata

Yau a kan mota ranar ta ƙare mini kaf. An kwana biyu ina jin wani warin danshi yana tasowa duk sanda na kunna esi, ya ɗan jima sai in ji kamar ya wuce. Ashe yana nan daram, hancina ne ke sabawa. Haka hanci yake, in ya daɗe cikin wari iri ɗaya sai ya daina kai wa ƙwaƙwalwa labari, shi ya sa mai mota ke zama na ƙarshen sanin halin da motarsa take ciki. Wanda ya shigo daga waje shi ke kwasa, kuma yawancin mutane kunya ba ta barin su faɗa. Ƙanina ne ya faɗa mini da safe, yana zama ya ce, "Yaya, wallahi akwai abin da ya jiƙe a cikin motar nan." Na ce masa to, tunda ka ji, yau tare za mu nemo shi.

Shawarar farko da ya kawo ita ce mu sayo turaren mota mai ƙarfi. Ban yarda ba. Turare ba ya taɓa abin da ke haifar da warin, hawa kansa kawai yake yi, in rana ta daki motar su gauraya su zama wani abu da ke sa ciwon kai. Na cire ma wanda ke rataye a madubi, don ina son hancinmu ya ji gaskiyar abin da ke ciki.

Da hantsi muka buɗe ƙofofin duka, muka fitar da komai: shimfiɗun ƙafa, takardu, tsummokara, kayan but har da safaya. Ramin da safaya ke zama wuri ne da ruwa ke son taruwa ba a sani ba, amma nawa a bushe yake ƙayau. Muka tura kujeru gaba da baya, muka haska ƙarƙashinsu da tocila. Ban da ƙura da 'yan tarkace babu komai.

Sai na fara bin kafet ina danna shi da tafin hannu, wuri bayan wuri. Gefen direba lafiya. Baya lafiya. Ina zuwa gaban kujerar mai zaman banza, can ƙurya inda kafet ke hawa zuwa ƙasan dashbod, na ji sanyi a hannuna. A ido ba ka ganin komai, saman a bushe yake. Da na danna da ƙarfi sai ga ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsuna. Muka zare robar bakin ƙofa, muka ɗaga gefen kafet ɗin, sai ga soson da ke ƙarƙashi ya sha ruwa ya ƙoshi, ya yi nauyi, da ɗigo-ɗigon baƙar fumfuna a jikinsa. Warin da ya bugo mu a lokacin sai da ƙanina ya ja da baya. Fumfuna ba ta buƙatar wani dogon lokaci, awa 24 zuwa 48 a kan abu mai danshi sun ishe ta kama wuri, balle soson da ke rufe ba iska.

Kafin in taɓa komai sai da na tsaya tantance wane irin ruwa ne, domin a daidai wannan wurin, ban da ruwan sama, abu biyu ne suka fi zuba. Akwai ɗan ƙaramin lagireton da ke ba da iska mai ɗumi, wanda ruwan sanyaya inji ke bi ta cikinsa. In shi ne ya fashe, ruwan yakan yi santsi a yatsa, yana da launi, yana da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, gilashin gaba kuma ya riƙa yin hazo mai maiƙo. Wannan ruwan guba ne, kuma aikin bakanike ne kai tsaye. Na shafa nawa a farin tsumma: ba launi, ba santsi. Na buɗe bonet na duba ma'aunin ruwan lagireto, yana inda yake. Saura esi ke nan.

A bayan dashbod akwai wani faifan ƙarfe mai sanyi da iska ke ratsawa kafin ta fito mana. Yadda kofin ruwan sanyi ke yin gumi a jikinsa, haka shi ma yake yi, kuma gumin nan yana da yawa. An yi masa ɗan tire da siririn tiyo da ke fitar da ruwan zuwa ƙasan mota. Wannan ɗigar da ake gani ƙarƙashin mota bayan an yi tafiya da esi alamar lafiya ce. Na tayar da motar, na ƙure sanyi, muka tsuguna muna jira. Ko ɗigo ɗaya bai sauko ba.

Na kai wa bakanikena. Ina gama bayani ya ce, "Oga, tiyon ne ya toshe, kada ka damu." Ya shige ƙarƙashi, ya laluba bakin tiyon, ya zura wata lallausar waya a hankali, ya ɗan hura iska. Sai ga ruwa shaaa, baƙi-baƙi da guntayen ganye da laka, ya fi ƙarfin abin da na zata. Raina ya yi fari da na ga wannan ruwan a ƙasa.

Tunda muna wurin na ce a duba filtar iskar cikin mota. A yawancin motoci tana bayan ɗan akwatin da ke gaban mai zaman banza, in ka matse gefensa biyu ya sauko za ka ga murfinta. Da ya zaro ta, ta yi toka-toka, ninkin takardar cike da ƙura da busasshen ganye, gefe ɗaya kuma ya yi laushi saboda danshi. Duk iskar da nake shaƙa ta nan take biyowa. Galibi ana son a canza ta sau ɗaya a shekara, ko bayan tafiyar kilomita 15,000 zuwa 20,000, mai yawan bin hanyar ƙura kuma ya fi haka gaggawa. Na zaɓi mai gawayi a ciki, don ita har wari da hayaƙin hanya tana ragewa. Akwai 'yar kibiya a gefenta mai nuna inda iska ke bi, na sa ido na ga an saka ta daidai.

Ya kawo mini zancen injin ozon, wanda ake kunnawa a rufe mota ya ƙone wari. Yana aiki, musamman a motar da aka daɗe ana shan taba a cikinta, amma iskar tana illa ga huhu, ba a zama a ciki yana kunne, sai an buɗe motar ta sha iska sosai kafin a shiga, kuma in aka yawaita yana cin roba. Na ce a bari. Muddin soso na jiƙe, ko me aka hura warin zai dawo.

Da muka koma gida aikin ya zama na busarwa, kuma shi ya fi cin rai. Na sa safar hannu da takunkumi. Muka riƙa danna tsofaffin tawul a kan soson, mu matse, mu sake dannawa, har hannu ya gaji. Muka tokare kafet ɗin da guntun katako don iska ta shiga ƙarƙashi, muka jawo fanka muka saita ta a wurin, motar na cikin rana ƙofofi a wangale. Na ja kunnen ƙanina a kan wayoyin da ke ƙarƙashin kujera, musamman masu rawayan kai, don na jakar iskar kariya ne, ba a jiƙa su, ba a cire su.

Wurin fumfunar na fesa masa farin khal da na sirka da ruwa rabi da rabi, na goge da burushi, na tsane. Ƙanina ya ce, "Yaya, mu zuba bekin soda a kai mana, na ga in an haɗa su kumfa suke yi." Kumfar ce ke ruɗin mutane. Khal tsami ne, soda kuma kishiyar tsami ce, in suka haɗu kashe juna suke yi, a ƙare da ruwa mai ɗan gishiri. Kowanne da lokacinsa: khal yanzu, soda bayan wurin ya bushe. Bilic kuwa, wato sinadarin nan da ake sa wa fararen kaya wajen wanki, ban bari ya matso kusa ba. Yana cinye launin kafet, kuma in ya haɗu da khal yana fitar da iskar kulorin, wadda a ƙuntataccen wuri irin mota za ta iya kwantar da mutum. Silin ɗin motar da ɗanyen tsumma kawai na shafe shi sama-sama, domin gam ne ke riƙe da yadin, in ya sha ruwa sai ya saki ya zubo.

Ina cikin aikin ina tunanin irin warin da bai kamata a bi shi da goge-goge ba sam. Warin fetur a cikin mota yoyo ne, kuma gobara na kusa. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yakan fito daga matatar hayaƙi da ta lalace ko batirin da caji ya yi wa yawa. Ƙaurin roba na iya zama waya ce ke narkewa. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne hayaƙin salansa in yana shigowa, saboda iskar da ke kisa a cikinsa, kabon monoksaid, ba ta da wari ko kaɗan, sai dai mutum ya ji ciwon kai da jiri da barci. Ina tausaya wa duk wanda ya lulluɓe irin waɗannan da turare yana ɗaukar yara a baya.

Da yamma saman kafet ya bushe, amma da na cusa hannu can ƙasa soson da sauran sanyi. Na bar fankar tana ta aiki, na barbaɗa soda a kujeru da sauran kafet ɗin da bai jiƙe ba, ta kwana, gobe in zuƙe da inji. Bakaniken ya ce in riƙa kashe esi in bar fanka kaɗai na 'yan mintuna kafin in isa inda zan tsaya, don faifan ya bushe, kuma in daina barin maɓallin juya iskar ciki a kunne kullum. Gobe zan rufe motar ta yi awa guda a rana, sannan in sa ƙanina ya fara shiga ya shinshina. In har da sauran wari, zan sa a yanke wancan ɓangaren soson a saka sabo.